FUNFUNAR ƊAKI: RUWAN DA BA DAGA RUFI YAKE ZUBOWA BA

 

Ya 'yan'uwa matasa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa a filin lafiya da tsabta ya shafi wani abu ne da kusan babu gidan haya a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, ko Aboabo da Asawasi a Kumasi, da bai san shi ba, wato funfuna, wadda wasu ke kira hunhuna. Ita ce baƙin ɗigo-ɗigon nan da ke fitowa a kusurwar ɗaki da bayan wadirof, da farin gari ko kore-koren da ke hawa takalmin fata da jaka, da warin gumar nan da ke tarbar mutum in ya buɗe akwatin da ya kwana biyu a rufe. Da zarar damina ta kankama, daga watan Mayu zuwa Yuli, sai ka ji rigima ta tashi a gidaje: ɗan haya yana cewa rufi na yoyo, mai gida yana rantsuwa bara ya sauya kwano. A kira kafinta ya hau ya duba, ya buga ƙusa, ya shafa kwalta, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan mako uku funfuna ta dawo wurin da take.

To, sau da yawa mai gida bai yi ƙarya ba, ɗan haya ma bai yi ƙarya ba. Rufin lafiyarsa lau, kuma ɗakin a jiƙe yake. Ruwan a cikin iskar ɗakin yake.

Ita iska tana ɗauke da ruwa

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa a matsayin tururi wanda ido ba ya gani, shi ake kira laima. Akwai iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma wannan iyaka tana bin zafinta. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. In ta sauko digiri 20, giram 17 kawai za ta riƙe. In ta kai digiri 10, kimanin giram 9. Saboda haka duk lokacin da iska mai laima ta taɓa abin da ya fi ta sanyi, sai ta sauke ruwan da ta kasa riƙewa a jikinsa. Kowa ya ga wannan a kwalbar da aka fitar daga firji: ba huda ta yi ba, amma ga ta tana zufa har ta jiƙa tebur. Raɓar asuba ma haka take samuwa.

In an ce laima ta kai kashi 80 cikin 100, ana nufin iskar ta riga ta ɗauki kashi huɗu cikin biyar na abin da za ta iya. A Ankara da Kumasi da Takoradi da sauran garuruwan kudancin Gana, kashi 80 abu ne na yau da kullum a damina, da asuba ma yakan zarce 90. Wanda ya taso daga Tamale ko Boku, inda hunturu ke busar da leɓe har ya tsage, shi ya fi saurin lura, don takalmin da ya shekara a can ba abin da ya same shi, a nan wata ɗaya ya ishe shi ya yi gemu.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, kuma muna roƙon ɗalibai su ɗauki biro su bi mu. Ɗakin haya mai ƙafa 12 da ƙafa 12, tsayinsa ƙafa 9, in zafinsa digiri 27 ne, duk ruwan da iskarsa za ta iya ɗauka bai cika lita ɗaya ba, wato ƙasa da ledar fiya wata biyu. In kuwa damina ce, iskar ta shigo da kashi 80 a cike, to gurbin da ya rage bai kai rabin leda ɗaya ba. Mutum ɗaya kuma, yana barci ba ya komai, numfashinsa da guminsa suna fitar da kimanin giram 40 a awa guda. Mutum shida a ɗakin nan, uba da uwa da yara huɗu, daga bayan Isha zuwa Asuba, sun zuba wa iskar kusan lita biyu, leda huɗu ke nan. Wani ɓangare zai fice ta ƙarƙashin ƙofa da kafofin rufi. Saura fa? Sai ya shige katifa da labule da tufafi da littattafai, ya kwanta a bango.

Wannan numfashi ne kaɗai. Ba mu sa wankin da aka shanya a igiya cikin ɗaki saboda ruwan sama ba, wanda zai iya sakin lita biyu kafin ya bushe. Ba mu sa tukunyar koko ko ta wake da shinkafa da ke tafasa a bakin ƙofa ba. Ita kanta wutar tana haifar da ruwa: kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana fitar da fiye da lita ɗaya da rabi na tururi, lita ɗaya ta kananzir a risho kuma tana fitar da kimanin lita ɗaya. Ga bokitai da jarkokin da ake tarawa a ɗaki a buɗe saboda famfo ba kullum yake kawowa ba. Ga tawul mai danshi a rataye a ƙusa.

Ita kuwa funfuna ba daga waje ake kawo ta ba kamar kyankyaso. Irinta ƙanana ne ƙwarai, suna yawo a iska a kowane gida, gidan minista da gidan ɗan dako. Masana sun kasa ta gida-gida, waɗanda aka fi samu a ɗakuna su ne Aspergillus da Penicillium da Cladosporium. Abinci ba ya yi mata wuya: ƙura, takarda, fata, katako, auduga, maiƙon hannu a jikin fenti. Abu ɗaya take jira, danshi. Kuma ba sai an ga ruwa yana gangarowa ba. In iskar da ke jikin bango ta daɗe a kashi 80 na kwanaki, ya ishe ta tsiro. Abin da ya jiƙe kuwa aka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, an shimfiɗa mata tabarma.

Yadda za a gane

Kafin a yi faɗa da kowa, a tsaya a duba, domin danshi iri uku ne kuma kowanne da kamarsa. Yoyo yakan bar tabo ruwan ƙasa mai gefe-gefe a silin ko a bango, a wuri guda, yana ƙaruwa bayan an yi ruwa. Danshin da ke tasowa daga ƙasa, wanda gidajen da ke kusa da kwata da fadama suka fi fama da shi, yakan tsaya a gindin bango, da wuya ya wuce mita ɗaya, fenti na ɓarewa, farin gishiri na fitowa. Na laimar iska kuwa ɗigo-ɗigo ne baƙi a inda iska ba ta motsi: kusurwa, bayan wadirof, ƙarƙashin katifar da ke ƙasa, bayan kalanda. Babbar shaida ita ce takalmi da jaka da bel. In takalmin da ke kan kanta, bai taɓa bango ba, ba ya ƙarƙashin wani yoyo, ya yi funfuna, ai ba a tambayi kafinta ba.

Akwai gwaji mai sauƙi. A goge wurin ya bushe, a yanko leda kamar faɗin littafin rubutu, a manna ta a bango da salatif, a rufe gefunan huɗu ruf. A bar ta kwana biyu. In danshi ya taru a bayan ledar, tsakaninta da bango, ruwan daga cikin bango yake fitowa, aikin magini ne kuma nauyin mai gida ne. In a fuskar ledar ya taru, ɓangaren ɗaki, to daga iska ne. Wani lokaci a samu duka biyun.

Tsarki daban, lafiya daban

A nan muna so mu ɗan tsaya, don a nan ne 'yan'uwa da yawa ke ruɗewa. Tun muna yara a makarantar allo, babin tsarki na cikin abin da muka fara karantawa a Ahalari da Ishmawi, mun san abin da ke najasa da abin da ba najasa ba. Funfuna ba ta cikin jerin najasar da aka karantar da mu. Saboda haka sai wani ya ɗauka tunda salla ta inganta a ɗakin, ai shi ke nan. Wata kuma, in aka nuna mata baƙin da ke bango, sai ta ji kunya ko ta fusata, ta ɗauka ana ce mata ƙazama. Duka biyun ba daidai ba ne. Ɗaki yana iya zama mai tsarki, a share shi safe da yamma, a goge shi har yana ƙyalli, kuma yana cutar da jaririn da ke kwance a ciki. Yawan goge daɓe da ruwa a ranar da babu rana ma ƙara wa iska nauyi yake yi. Kiyaye rai da lafiya kuwa yana cikin manyan abubuwan da malamai suka ce Shari'a ta zo don ta tsare su.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta tabbatar da cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi fama da tari da shessheƙa da ciwon hanyoyin numfashi, kuma masu asma ciwonsu ya fi tashi. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne jarirai da tsofaffi da masu asma da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke ma ya kula, domin Aspergillus takan samu wurin zama a ramin da ciwon ya bari a huhu. Alamar da ya kamata iyaye su lura da ita: yaro yana tari da atishawa da dare a gida, in ya je hutu wurin kakarsa sai ya daina, in ya dawo ya dasa. Kafin a ce iska ce ta taɓa shi, ko a fara zargin maƙwabciya, a ja wadirof a leƙa bayansa. Addu'a dai a yi ta, amma a ja wadirof ɗin. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai asibiti a gwada, kada a ɗora wa funfuna alhali wani abu ne daban.

Ga wanda yake ganin muna kambama ƙaramin abu, ga labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 wanda iyayensa suka fito daga Sudan suka zauna a garin Rochdale kusa da Mancesta a Ingila. Ya rasu a watan Disamba na 2020. A watan Nuwamba na 2022 alƙaliyar da ta binciki musabbabin mutuwarsa ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidansu ita ta jawo ciwon numfashin da ya yi ajalinsa. Mahaifinsa ya kai kuka tun 2017, aka ce ya shafe wurin da fenti. Ma'aikatan kamfanin da ke da gidan suka ɗora laifin a kan yanayin zaman iyalin, har suka yi zaton wankan ibada suke yi da bokiti, ba tare da sun tambaye su ba. Bincike kuwa ya nuna gidan ne ba shi da isasshiyar hanyar fitar da iska. Saboda wannan yaro aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta fara aiki a Ingila ranar 27 ga Oktoba, 2025. Ta tilasta wa masu gidajen hayar gwamnati da na ƙungiyoyin gidaje su binciki ƙarar danshi da funfuna mai haɗari cikin kwanakin aiki 10. 'Yan'uwanmu da ke Landan da sauran garuruwan Ingila, masu karanta wannan mujalla, su riƙe wannan, su kuma riƙa kai ƙararsu a rubuce.

Mun kawo labarin ne don abu biyu. Na farko, funfuna tana kisa. Na biyu, cewa ruwan daga iskar ɗaki yake ba ya nufin laifin ɗan haya ne. Mutum dole ya yi numfashi, ya yi girki, ya yi wanka da alwala. Ɗakin da aka gina don haya dole ya zama yana da hanyar da wannan tururi zai fita. A zangunanmu mun san yadda ake yi: tsakar gidan da kakanni suka bari an cike ta da ɗakuna, tagar baya an toshe ta da shago ko da ginin maƙwabci, ɗaki ya koma akwati mai ƙofa ɗaya. Sannan a karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a wuce wata shida ba. Iyayenmu masu gidaje, da girmamawa muke faɗa, wanda ya karɓi kuɗin ɗaki ya karɓi amanar wanda zai kwana a ciki. Huda bango a sa bulo mai ƙofofi a sama, daura da taga, ba babban aiki ba ne.

Abin yi

Maganin laima shi ne iska mai ratsawa, ta shiga nan ta fita can. Amma a ƙasarmu akwai lokacin buɗewa. Da asuba iskar waje ta fi cika da laima. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga hantsi zuwa la'asar a ranar da rana ta fito: a buɗe taga da ƙofa, a ɗage labule, a buɗe wadirof da akwatuna, a kunna fanka. Mun san dalilan rufewa, sauro da ɓarayi da warin kwata, kuma dalilai ne na gaskiya. Amma raga da ƙarfen taga suna maganin biyu daga ciki. Tsofaffin tagogin luba ma, da ake cirewa yanzu ana sa gilashin turawa don ado, sun fi shi amfani nesa ba kusa ba, don shi rabin taga kawai yake buɗewa. Su kuwa na Turai da Amurka lissafinsu daban ne: a can bangon waje ne ke yin sanyi a hunturu, gida a rufe, tururi ya kwanta a gilashi da bango. Iskar waje mai sanyi ruwanta kaɗan ne, don haka buɗe taga na minti goma da safe, da kunna fankar banɗaki da ta kicin, da barin ɗan ɗumi a ɗaki, yana rage abin sosai.

A janye wadirof da gado daga bango kamar faɗin tafin hannu. Katifar da ke ƙasa a ɗaga ta a jingine kowace safiya, a fitar da ita rana in an samu, in da hali a ɗora ta a kan katako mai tsaga-tsaga. A duba ƙarƙashin ledar ɗaki da kafet. Girki a yi shi a waje ko bakin taga, tukunya a rufe. Bokitin ruwa a sa masa murfi. Shanya gara a baranda ko da za ta kwana biyu. Tufafin da aka cire da gumi kada a cusa su a wadirof. Iyayenmu mata da ke fito da atamfofinsu daga akwati su baza a rana bayan ruwa ya ɗauke, ba aikin banza suke yi ba.

Masu na'urar sanyaya ɗaki su sani tana tsotse laima, amma in aka sanyaya ɗaki ƙwarai sannan aka kashe aka buɗe taga nan take, iskar waje za ta sauke ruwanta a kan duk abin da ya yi sanyi. Iska mai digiri 27 da laima kashi 85, abin da ya fi ta sanyi da digiri 3 kacal ya isa ta jiƙa shi. Har maƙwabcin da ke bayan bangon yakan ga nasa ɓangaren yana zufa. Akwai ƙaramin ma'aunin laima mai batir da ake sayarwa, abin da ake so shi ne ya nuna ƙasa da 60, ko da yake a daminar Ankara, ba tare da na'ura ba, duk abin da aka rage riba ce.

Gargaɗi babba: kada a kuskura a shigar da kurfoti mai garwashi ɗaki a rufe don a busar da shi. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari, tana kashe mutane cikin barci. Turaren wuta kuma wari kawai yake rufewa.

Wajen wankewa, a fitar da yara da mai asma, a buɗe taga, a sa safar hannu da takunkumi. Kada a kankare ta a bushe, don irin zai tashi ya cika ɗaki. A goge da tsumma da ruwan sabulu, a kan siminti ko tayil ana iya bi da bilic, kofi ɗaya a galan ɗaya na ruwa, kuma kada a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, haɗin yana fitar da guba. A bar wurin ya bushe sarai kafin fenti. Fenti a kan funfuna ɓata kuɗi ne. Kwali da matashi da katifar soso da ta ci har ciki, haƙuri za a yi a zubar. Masara da gyaɗar da suka yi funfuna a ajiya ma haka, domin wata irin Aspergillus tana saka musu gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Saura masallatanmu da makarantunmu, kuma wannan aikinmu ne mu matasa, ba sai mun jira kwamiti ba. Mutum ɗari su shigo da danshin alwala a ƙafa su taka kafet, a idar da salla a rufe tagogi a kulle har wata sallar. Wanda ya sa goshi a irin wannan kafet a watan Yuni ya san warin da muke nufi. A sa buhu ko tabarmar goge ƙafa a ƙofa, a bar tagogin sama a buɗe, dardumai a fitar da su rana ko da sau ɗaya a mako. Kabad ɗin Alƙur'anai da littattafai a janye shi daga bango, a ɗaga shi daga ƙasa, kada a cusa littattafan har iska ta rasa hanya.

Gidajen malamai kuma akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu a gafaka, wasu tun zamanin su Alhaji Umaru na Karaci wanda ya rasu a 1934. Jami'ar Legon ta tattara kwafin wasu irinsu tun shekarun 1960, amma da yawa suna nan a akwatunan magada, kuma kwafi ɗaya ne tak. Irin waɗannan kada a naɗe su a leda, leda tana tsare danshi ne a ciki. Kada a goge su da ruwa, tawadar za ta narke, kada kuma a baza su a tsakar rana. A nemi izinin dattawan gidan, a fito da su a inuwa mai iska a rana busasshiya, a buɗe su a hankali ba tare da an hargitsa jerin warƙoƙin ba, in sun bushe a share da burushi mai laushi a waje, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, sannan a naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta a ajiye a sama.